Kurakuran da Muke Yi Wajen Karatun Labari, Wasan Kwaikwayo da Littattafan Zaburarwa

Kuskuren da na fi gani a wajen masu son karatu shi ne mutum ya kama layi ɗaya ya ƙi sakinsa. Akwai 'yar'uwar da ba ta kwanciya sai ta karanta babi biyu ko uku na littafin soyayya a waya, amma in ka miƙa mata wasan kwaikwayo sai ta ce ai wannan na 'yan makaranta ne. Akwai kuma saurayin da jakarsa cike take da littattafan zaburarwa na Turanci, masu koyar da tara dukiya da tsara lokaci, shi kuwa da ya ga ƙagaggen labari sai ya yamutsa fuska, wai ba shi da lokacin karanta ƙarya. Dukansu suna karatu, sai dai kowa ya toshe wa kansa wata ƙofa.

Mai ganin labari ɓata lokaci ne, ya dubi Abubakar Imam. Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku a ƙarshen shekarun 1930, ba daga tatsuniyoyin gida kaɗai aka gina shi ba. Imam ya sha Alfu Laila, ya leƙa tatsuniyoyin Turai, sannan ya sa musu riga da hular Hausa, ya ɗora su a bakin aku yana ba Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita. Faɗin karatunsa ne ya haifar mana da littafin da har gobe ake koyon Hausa da shi. Maganin wannan kuskure ba wuya gare shi ba, kuma ba sai ka bar abin da ranka ke so ba. In ka gama littafi biyu ko uku na layinka, na gaba ya zama daga wani layin daban.

To, amma ko an faɗaɗa, akwai matsalar da ta fi wannan: karanta kowane littafi da ido ɗaya. A nan wasan kwaikwayo ya fi shan wuya a hannunmu.

Na taɓa ba 'yar yayata Uwar Gulma na Mohammed Sada. Bayan kwana biyu ta dawo mini da shi, ta ce, "Kawu, wannan fa ba daɗi, sunaye ne kawai a jere, kowa da maganarsa." Da na tambaye ta yadda ta karanta, ashe a zuci ta bi shi da sauri, tana tsallake duk bayanin motsin 'yan wasa da marubuci ya sa cikin baka biyu don ta kai ga zance. Da daddare bayan Isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na raba musu sunaye: ita Halima, ƙaninta Hayatu, ni kuma na riƙe karanta bayanan cikin baka. Ba mu gama fitowa ta biyu ba, wato sashe na biyu na wasan, sai da uwarsu ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta matso kusa, tana sa baki kamar rikicin maƙwabta ne. Yarinyar da ta ce ba daɗi ita ta hana a tashi.

Wasan kwaikwayo don baki da kunne aka rubuta shi. Marubucin ba zai tsaya ya gaya maka abin da ke zuciyar mutum ba, sai dai ka tsinto shi daga yadda ya yi magana, da inda ya yi shiru, da lokacin da ya tashi ya fita. Shi ya sa bayanin cikin baka ba ado ba ne, rabin wasan yana can. Kafin ka fara, tsaya a shafin farko inda aka jera 'yan wasa, ka san wane ne uban wa, wace ce kishiyar wa. Ka ɗaga murya in kana karantawa, ko da kai kaɗai ne a ɗaki. Kada kuma ka yanke a tsakiyar fitowa, don kowace fitowa an gina ta ne ta hau ta sauka a zama ɗaya. Wanda yake son ya ga bambancin da idonsa, ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a zube, wato yadda aka rubuta shi a matsayin labari, sannan ya nemi wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi. Labari ɗaya ne, amma zai ga abin da zube ke faɗa da bayani, wasa kuwa sai ya nuna da motsi.

Shi ƙagaggen labari, cutarsa gaggawa. Mun saba da babi-babi a WhatsApp, kowa burinsa ya san ko an yi auren ko ba a yi ba, wasu har leƙa ƙarshe suke yi tun ba su kai tsakiya ba. Ɗalibai kuma sun koma haddace taƙaitawa don jarrabawa. Taƙaitawa za ta gaya maka an sace Umar yana yaro, an ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa. Ba za ta taɓa sa ka ji nauyin wannan tafiya a ƙirjinka ba. Rage sauri. In wata jimla ta tsaya maka a rai, koma ka sake ta. Sannan kada tsohuwar kalma ta kore ka daga tsohon littafi: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na nan tun 2006, na Bargery tun 1934, kakarka ma na nan, kuma ita za ta haɗa maka da karin maganar da kalmar ke ciki.

Littattafan zaburarwa kuwa, kuskuren da ake yi da su shi ne haɗiye su ba tauna. Yawancinsu a Amurka aka rubuta su, don mutanen da tsarin rayuwarsu ba irin namu ba ne. Ɗauki Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, da ya fito a 1997. Darasinsa na bambanta abin da ke kawo maka kuɗi da abin da ke cinye maka su, darasi ne mai kyau, ɗan tireda ma zai amfana da shi. Amma hanyar da marubucin ya shahara da kira gare ta, ta cin bashin banki a sayi gidajen haya, ga Musulmi ta ci karo da haramcin riba, ga kuma tsadar kuɗin ruwa a bankunanmu. Haka shawarar da ta cika irin waɗannan littattafai, wai ka nisanci duk wanda ke jan ka baya. Mai rubutun ba ya tunanin gwaggon da ta goya ka, ko ƙanen da kuɗin makarantarsa ke wuyanka. Na ga matasa sun fara wulaƙanta zumunci da sunan cigaba, abin yana ci mini rai ƙwarai. Littafi ba nassi ba ne. Sa shi a rariya, ka riƙe gari ka zubar da tsaki, kuma ka riƙa tambayar kanka: wa aka rubuta wa wannan, a wane gari, me yake da shi da ni ba ni da shi?

Akwai kuma tara su ba aiki da su. Ni kaina na taɓa sayen guda biyar rana ɗaya a bakin tasha. Kowanne in na gama sai in ji kamar gobe zan juya duniya, bayan mako guda komai ya koma yadda yake. Sai da na tsayar da saye, na zaɓi shawara ɗaya tak, rubuta duk abin da na kashe kullum a ƙaramin littafi har kwana talatin. A ƙarshen wata na ga da idona yadda kuɗin data da na abin hawa ke cinye abin da nake cewa ban san inda ya tafi ba. Babi ɗaya, aiki ɗaya, wata ɗaya, sannan a buɗe na gaba.

Cikin biyar ɗin nan, ɗaya bugun sata ne, shafuffuka goma sha wani abu babu su a tsakiya. Wannan ya kawo ni ga laifin da muke yi ba mu ɗauke shi laifi ba. Marubuciya ta hana idonta barci wata da watanni, ta sa ɗan kuɗi kaɗan a kan littafinta, sai wata ta biya sau ɗaya ta watsa shi a rukuni goma, har ana yi mata addu'ar Allah ya saka. Haƙƙin mutum ne ake ci. In aka turo maka irin wannan, tambayi ko da izinin mai shi. In babu, nemi lambar marubuciyar, galibi tana shafin farko, ka biya ta kai tsaye. In kuwa aljihu bai kai ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar kowa ya sayi littafi ɗaya na takarda, wannan labari, wancan wasa, ɗayan na zaburarwa, ku riƙa musaya duk ƙarshen wata.