Kafin a sa wa Hilux aksil ɗin baya mai ƙarfi

'Yan uwa masu ɗaukar buhunan gero da wake tsakanin Daura da kasuwar Mai'adua, idan nauyi ya lanƙwasa aksil ɗin baya har kuka yanke shawarar sa wanda ya fi shi kauri, abu na farko da za ku tabbatar shi ne lissafin haƙoran giyarsa, wato yawan juyin da farfela (sandar da ke kawo wa aksil ƙarfin inji) ke yi a zagaye ɗaya na taya, ya zo daidai da na gaba. Na ga motar da aka sa wa 4.10 a baya alhali gabanta 4.56 ne, kuma ranar da direban ya sa giyar taya huɗu ya fito daga yashi ya hau kwalta, sai gaba da baya suka shiga jayayya har akwatin raba ƙarfi ya fashe.

Gwajin gane lissafin ba shi da wuya. A ɗaga tayoyin baya biyu da jak, a yi wa farfela alama da alli, mutum biyu su juya tayoyin tare zagaye ɗaya cak, sannan a ƙirga juyin farfelar. Huɗu da rabi da ɗoriya kaɗan shi ne 4.56.

A kuma auna faɗin sabon aksil ɗin da tazarar mazaunin sifirin, a duba ko ramukan noti shida na wilinku za su zauna, a sa sababbin ƙarafunan ɗaure sifirin. Ni dai ban yarda a mayar da tsofaffi ba, domin sun riga sun miƙe. Birki da shasi kuwa ƙarfinsu na nan yadda yake, don haka kada a ƙara lodi saboda sabon aksil.