Yadda Ake Haɗa Ƙasar Shuka a Gida Don Tsirran Ƙasashe Masu Zafi

Yawancin tsirran da ke mutuwa a tukwane ko ledoji cikin gidan shuka mai rufin leda, ba ƙishirwa ke kashe su ba. Rashin iska ne a saiwa. In ka ɗebo ƙasar gona zalla ka cika tukunya, ban ruwa kaɗan zai sa ta dunƙule ta yi tauri kamar tubali, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Gwanda, citta da abarba ba sa jure wannan ko kaɗan. Don haka abin da ake nema shi ne ƙasa mai riƙe danshi, amma mai barin rarar ruwa ya wuce.

Fara da tara kaya huɗu: ƙasar sama daga gindin bishiya inda ganye ya daɗe yana ruɓewa, yashi mai manyan ƙwayoyi irin na bakin rafi, takin dabbobi da ya ruɓe, sai buntun shinkafa. Ka guji lakar fadama, haka ma yashin da ya yi laushi kamar gari, domin toshe ƙofofin iska yake yi. Buntu kuwa ba ya wahalar samu a garuruwan da ake casar shinkafa, irin su Kura a jihar Kano.

Maganar taki tana buƙatar natsuwa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, na shanu da na awaki kuma suna zuwa da irin ciyawa. Tara shi a inuwa, ka yayyafa masa ruwa, ka riƙa juya shi duk mako biyu har kusan wata uku. In ya yi baƙi, ya daina zafi a ciki, warinsa ya koma na ƙasar da aka yi wa ruwan fari, to ya nuna. Kada gaggawa ta sa ka tsallake wannan.

Buntun ma ya fi amfani in an babbaka shi. Huhhuda tsohon gwangwani babba, ka hura wuta a cikinsa, ka tula buntu kewaye da shi, kana juyawa har ya yi baƙi. Nan take ka kashe da ruwa kafin ya zama toka. Toka mai yawa tana rage tsamin ƙasa fiye da kima, alhali yawancin waɗannan tsirrai sun fi son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH. Ɗanyen garin katako kuma, a ganina, a bar shi: yayin ruɓewa yana janye sinadarin naitirojin, ganye ya yi rawaya.

Sai awo. Da bokiti ɗaya za ka auna komai: ƙasa biyu, taki ɗaya, yashi ɗaya, buntu ɗaya. Tankaɗe ƙasar da takin da rariya mai faɗin ido, ka cire tsakuwa da guntayen leda, ka gauraya da shebur har launin ya zama ɗaya. Abarba tana son ƙarin yashi, ayaba da citta ƙarin taki.

Kafin amfani, kashe cututtukan da ke ciki, musamman ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da tattasai yin ƙulli-ƙulli. Shimfiɗa haɗin a rana da kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, jiƙa shi, rufe da farar leda wadda ake ganin ciki, ka danne gefunan da ƙasa. Mako 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu ya wadatar.

Daga nan gwada shi. Damƙi ɗan jiƙaƙƙen haɗin a tafin hannu. In ya dunƙule, amma ya warwatse da ka taɓa shi da yatsa, ya yi daidai. In ya manne kamar tuwo, ƙara yashi da buntu. In ya ƙi haɗuwa sam, ƙara taki. Cika tukunya mai huji a ƙasa, kada ka danna da ƙarfi, ka bar faɗin yatsu biyu a baki don ban ruwa. Zuba ruwa ka duba: ya kamata ya fara fita ta hujin ba da daɗewa ba. Bar ta kwana biyu a inuwa kafin ka yi dashe, da yamma in rana ta yi sanyi.