Ajiye bidiyon lacca a jami'a: nawa zai ci, yaushe za a goge shi

Kafin a kunna kyamara a ɗakin lacca, a fara tsayar da ranar da za a goge abin da aka ɗauka. In aka bari sai ma'ajiya ta cika maƙil, ranar nan ma'aikacin sashen kwamfuta zai yi ta gogewa a gurguje, ya haɗa da laccar da ɗalibai ke jira don jarrabawa.

A fara da lissafi. Bidiyon da ake ɗauka a kan megabit 1 a daƙiƙa yana cin MB 450 a awa guda. Kyamarar da aka bari a 1080p (hoto mai tsabta sosai) da megabit 5 kuwa, GB 2.25 take ci. A ce kwas 100 ne, kowanne awa 2 a mako, na tsawon mako 15: awa 3,000 ke nan, wato TB 6.75 a zango ɗaya, kuma kwafi ɗaya tak ake magana. In aka sauko zuwa 720p da megabit 1.5, abin zai dawo TB 2 da 'yan kai. Yawancin lacca malami ne a tsaye da rubutu a majigi, motsi kaɗan ne, shi ya sa take matsuwa sosai ba tare da ta lalace ba. A matse da manhajar HandBrake ko FFmpeg a tsarin matse bidiyo na H.264. Tsarin H.265 ya fi ƙanƙanta fayil, sai dai yana ɗaukar lokaci wajen matsewa, kuma tsofaffin wayoyi na iya ƙin buɗe shi. Inda ba a rowa shi ne laccar lissafi da ake rubutu da hannu a allo, da darasin gwaji na ɗaliban likitanci: waɗannan a bar su a 1080p. Murya ma kada a taɓa ta. Ɗalibi zai haƙura da hoto dishi-dishi, amma in ba ya jin malam, bidiyon ya tashi a banza.

Akwai wata asara da ɗauke wuta ke jawowa, wadda mutane ba sa gane dalilinta. Fayil ɗin MP4 na yau da kullum sai an tsayar da ɗauka yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. In wuta ta tafi ana tsakiyar lacca, za a ga fayil mai GB 3 a zaune, amma ya ƙi buɗuwa. Masu amfani da manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS su ɗauka a tsarin fayil na MKV, wanda yake buɗuwa ko da wuta ta ɗauke, bayan an gama su mayar da shi MP4, aikin daƙiƙoƙi ne. Sabar kuma, wato kwamfutar da ake ajiye bidiyon a ciki, a sa mata UPS (batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke) da zai kashe ta a hankali, a riƙa kakkaɓe mata ƙura lokacin hunturu.

Sunan fayil ya ɗauki lambar kwas, shekarar karatu, zango da mako, kamar CHM101_2024-25_Z1_M03. Da wannan ne za a ware dubban fayiloli da umarni ɗaya.

Sai wa'adi, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Kada a ɗaura shi a kan kalanda, a ɗaura shi a kan shekarar karatu. Yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata 8. Da an saita na'ura ta goge bidiyo bayan wata 6 da ɗauka, ɗalibai za su dawo su tarar laccocin farkon zango sun tafi, jarrabawa kuwa tana gaba. Abin da ya fi dacewa: bidiyo ya zauna a buɗe har majalisar malamai ta amince da sakamakon kwas ɗin, a ƙara masa shekarar karatu guda saboda masu maimaitawa da masu ƙorafin maki. Bayan nan a mayar da shi ma'ajiya mai araha na shekara ɗaya ko biyu, sannan a goge. Laccar kama kujerar farfesa da ta manyan baƙi daban suke, ɗakin karatu za a miƙa wa su zauna dindindin.

A duba saitin manhajojin da ake aiki da su, domin wasu suna da nasu wa'adin. Microsoft Teams, in ba a canza ba, yana kawar da abin da aka ɗauka bayan kwana 120. Google ma tun 2022 ya daina ba makarantu wuri mara iyaka, ya koma TB 100 da makaranta duka ke rabawa. Kuma kada bidiyo ya zauna a asusun malami shi kaɗai. Ranar da ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a aka rufe asusun, laccocin shekaru sun bi shi. Asusun sashe ya kamata ya mallake su.

Abin da aka ce a ajiye, a yi masa kwafi 3 a ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani gini daban. RAID, wato haɗa fayafai da yawa su riƙe bayanai tare, yana kariya ne kawai daga mutuwar faifai. In wani ya goge bisa kuskure, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle fayiloli, abin da ke kan duka fayafayan zai tafi tare. Don ajiya mai tsawo, kaset ɗin LTO-8 yana ɗaukar TB 12, ba ya cin wuta in an ajiye shi. Kowane zango a zaɓi fayil 10 a dawo da su a kalla, a tabbatar kwafin yana aiki.

Fuska da muryar ɗalibi bayanansa ne na sirri a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ba ta yarda a riƙe irinsu fiye da lokacin buƙata ba. Don haka a sanar da aji ana ɗauka, kyamara ta fuskanci allo.

Ranar gogewa, a tura wa malami da shugaban sashe jerin fayilolin kwana 30 kafin nan. Wanda ke son a bar nasa ya rubuta dalili da sabon wa'adi. Sauran a ɗauke su zuwa wurin jira na wasu kwana 30, sannan a goge su daga sabar da kwafin ajiya duka, a rubuta sunan fayil, kwanan wata da wanda ya ba da izini.