Yadda Ake Sanya Kiɗan Gargajiya a Fim

Kafin darakta ya nemi makaɗi, ya fara duba wane ne a cikin fitowar da zai ɗauka, domin a ƙasar Hausa kowane kiɗa da mai shi. Tambari na sarki ne, haka ma kakaki, kuma ba a buga su don attajiri komai yawan dukiyarsa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera ce, gangar noma tana tashi wurin gayya, garaya kuwa ta mafarauta ce da 'yan bori. Idan labarin ya shiga cikin gida ranar suna, to kiɗan ƙwarya ya dace, irin na amada da Barmani Choge ta shahara da shi, kuma mata ne za su yi abinsu.

Ko a fada ma akwai bambanci: Narambaɗa da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, Salihu Jankiɗi kuma da taushi ya yi wa Sarkin Musulmi. Saboda haka a tambayi dattawan garin da labarin ya ambata.

Bayan nan sai a ɗauko makaɗi na gaskiya tare da 'yan amshinsa, kada a rataya wa ɗan wasa kalangu a ce ya yi ta kaɗa hannu, daga baya a ɗora sautin fiyano a situdiyo. Mai kallo ba yaro ba ne. Kalangu magana yake yi, kuma maganar tana fitowa ne daga yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammatarsa yana saki, don haka a kawo kyamara kusa da wannan wuri, a bar ta ta ɗan daɗe, sannan a juya ga fuskar wanda ake wa take a ga yadda tsuma ke kama shi.

A naɗi sautin a filin da ake kiɗan, da guɗar mata da kirarin maroƙa, kuma idan damina ce a ba makaɗa lokaci su shanya gangunansu, don fata tana saki da laima. A yi cinikin lada tun kafin a kunna kyamara, a kuma rubuta sunan makaɗin da garinsu cikin jerin sunayen ƙarshen fim.