Yadda za ka zuba fim a filas ka kalla a talabijin ba data

Wannan na wanda ya sayi fim da kuɗinsa ne fa, ko ya karɓa wajen mai turi da ke da izinin furodusa, ba na sata ba.

Da farko ka nemi filas, 32GB ma ya isa, amma ka kiyayi na arhan nan da ake bazawa a tire ranar kasuwa, a jiki an rubuta 64GB kana zuba fim kaɗan sai ya ƙi buɗewa. In ba kwamfuta sai ka haɗa da ɗan kan OTG, wato abin da ke jona filas da waya, ka duba bakin cajin wayarka tukuna, Type-C ne ko tsohon baki, kar ka je har kasuwa ka dawo da wanda ba ya shiga.

Ka tabbata akwai caji, sai ka jona. Wasu Tecno da Infinix sai ka shiga setin ka kunna OTG kafin su ga filas ɗin. Buɗe File Manager, danne fim ɗin, ka zaɓi kwafi, ka shiga filas ka ajiye, ka bar wayar ta gama abinta.

In fim ya haura 4GB ya ƙi shiga to tsarin ajiyar filas ɗin FAT32 ne, sai an yi masa fomat zuwa tsarin exFAT, shi kuma fomat goge komai yake yi, sannan wasu tsoffin talabijin ba sa karanta exFAT, MP4 ƙarami ya fi kwanciyar hankali. Wanda ka sauke cikin Netflix ko YouTube kam a kulle yake, ba ya kwafuwa.

Kafin ka zare filas ɗin danna Eject a wayar, wato umarnin cire shi lafiya, ka gwada a talabijin ɗin tun da rana.