Harajin albashi na birnin Filadelfiya: inda mutane suka fi yin tuntuɓe

Wanda ya fara aiki a Amurka yakan san da harajin tarayya da na jiha, amma a wasu birane akwai na uku, na birnin kansa. Filadelfiya da ke jihar Fensilbaniya ce ta fara ɗora irin wannan haraji a 1939, kuma har gobe yana cikin mafi nauyi a ƙasar. A Yulin 2023 an sa wa mazaunin birni kashi 3.75 cikin ɗari, mai shigowa aiki daga waje kuma 3.44. Adadin yakan ɗan motsa ranar 1 ga Yuli, saboda haka a riƙa duba na shekarar da ake ciki. A kan wancan adadin, mai albashin dala 40,000 a shekara, in mazauni ne, dala 1,500 ke nan ta tafi.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne zaton cewa harajin wurin aiki kaɗai yake bi. Yana bin inda kake kwana ma. In gidanka na cikin Filadelfiya, ko a jihar Niyu Jasi kake aiki, ko a Delawaya, birni na binka bashi. Matsalar ita ce kamfanin da ke wata jiha ba lallai ba ne ya cire maka kuɗin daga albashi. Sai mutum ya ga albashinsa ya ɗan fi na abokinsa kauri, ya yi ta murna, ashe bashi ne ke taruwa. Na taɓa zama da wani ɗan'uwa muna buɗe ambulan ɗin da ya yi wata biyu a kan firij bai taɓa shi ba: harajin shekara uku ne, ga tara, ga kuɗin ruwa. Gyaran ba wuya. Ɗauko takardar W-2 ɗinka, wadda kamfani ke ba ka duk shekara mai nuna albashinka da harajin da aka cire, ka dubi gida na 18 da 19 da 20, inda ake rubuta albashi da harajin ƙaramar hukuma da sunan garin. In babu komai a wurin, ka yi rajista da hukumar harajin birni, ka riƙa biya da kanka duk wata uku.

Sai sauya gida ba tare da an gaya wa ofishin albashi ba. Upper Darby na manne da Filadelfiya, jirgin ƙasan birni ma can yake ƙarewa a tashar titi na 69, amma ba cikin birnin take ba. Wanda ya tashi daga can ya koma cikin gari ya zama mazauni tun daga ranar. A kai sabon adireshi a rubuce.

Batun aiki daga gida ya fi kowanne rikitarwa, kuma a ganina nan ne aka fi tafka asara ta ɓangarori biyu. Wanda ba mazauni ba, ba ya biyan harajin ranakun da ya yi aiki a wajen birni, amma da sharaɗi: sai in kamfanin ne ya wajabta masa yin aikin a can. In kai ka zaɓi zama a gida don gudun cunkoso ko don ka kai yara makaranta, alhali teburinka na nan a ofis yana jiranka, birni zai karɓi kuɗinsa cif. Wasu na neman a mayar musu da abin da ba su cancanta ba, a ƙi. Wasu kuma sun cancanta amma ba su nema ba har shekara uku ta wuce, ƙofa ta rufe. Ka ajiye lissafin ranakun da kamfani ya tura ka waje, ka sa su tabbatar da shi a rubuce, sannan ka cika takardar neman mayar da rara. Mazaunin birni dai wannan bai shafe shi ba.

'Yan Niyu Jasi sukan ce ai akwai yarjejeniya tsakanin jiharsu da Fensilbaniya, cewa kowa ya biya haraji ga jihar da yake zaune kawai. Akwai, amma harajin jiha kawai ta shafa. Na birni za a cire, sai dai ka nemi a rage maka shi daga harajin jiharka lokacin cika takardu. Mazaunin Filadelfiya da ke aiki a birnin Wilminton na jihar Delawaya ana rage masa harajin wancan birnin daga na Filadelfiya, ba a rage na jihar Delawaya. Kotun ƙolin Fensilbaniya ta tabbatar da haka a 2023.

Direban Uber da mai kitso da mai shago ba albashi suke karɓa ba, don haka nasu harajin riba ne da na kasuwanci, da takardunsu daban. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa, waɗanda jihar Fensilbaniya ta yafe wa harajinta, suna iya neman a sauke nasu zuwa kashi 1.5, a mayar musu da abin da ya hau. Ba a aiko da shi haka kawai, sai an nema duk shekara.