Yadda na gyara matsalar biyan kuɗi da waya a tafiyar aiki zuwa Guangzhou

A lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, abokan aikinmu Sinawa da waya suke biyan komai, daga tasi har shayi. Ni kuwa na haɗa katina da Alipay, manhajar biyan kuɗi ta Sin, amma biya ya ƙi wucewa.

Abu biyu ne sanadi. Katin naira ne, kuma bankina ya taƙaita cire kuɗi daga waje. Sannan lambar tabbatarwa tana zuwa ne kan layin gida, wanda ba ya karɓar saƙo a Sin. Na sa katin dala na Visa, na kunna wa layin damar aiki a ƙetare, na ɗora hoton fasfo, na rubuta suna jere da jere kamar yadda yake a fasfo. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: harafi ɗaya ya saɓa, tantancewa ta tsaya.

A Alipay, idan da katin ƙasar waje ne, biyan da bai wuce yuan 200 (kuɗin Sin) ba babu caji. Sama da haka ana ɗora kashi 3 cikin ɗari. Don haka kuɗin otal na miƙa katin kai tsaye. A karɓi fapiao, rasidin hukuma, da sunan kamfani, domin da shi akawun Sinawa ke mayar da kuɗi.

Idan za a je yawon ƙarshen mako zuwa Shenzhen, tikitin da aka saya a 12306, manhajar sayar da tikitin jirgin ƙasa ta Sin, fasfo ne shaidarsa. A tasha, a bi ƙofar da ma'aikaci ke tsaye.